Ranar da Barmo Direba Ya Ce Bai Sani Ba

Akwai wani direban motar haya a Dogarawa, zamanin da rediyo ɗaya ke isar unguwa guda, sunansa Barmo. Tsakanin Malbaza da Ƙonni yake jigila da wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya. An ce jaki ya taɓa wuce motar nan a hawan tudu, har ya waiwayo ya yi mata sannu.

Amma ba mota ce ta sa aka san Barmo ba, bakinsa ne. Tun da ya je ci-rani Abijan ya dawo, ba a ƙara jin ya ce bai san wani abu ba. Ka tambaye shi nisan wata, zai gaya maka, har da wurin da ake yada zango a sha ruwa a hanya. Fasinja su yi ta dariya. Wasu kuma su sauka da maganar kamar kayan cefane, su kai gida.

Barmo yana da 'ya, Tsahara, tana lakwal, wato makarantar boko. Ita ce 'yar fari, don haka ba ya kiran sunanta, ba ya zama hira da ita, ko ido ba su cika haɗawa ba. "Waccan" yake ce mata. Shi ma haka uwarsa, tsohuwa Gimbiya, take yi masa. Ɗan fari ne, har gemunsa ya fara fari ba ta taɓa furta sunansa ba, sai dai ta ce "mai mota".

Ita kuwa Tsahara Allah ya yi ta da tambaya. Tun da ba dama ta tunkari uban, sai ta samo dabara. In ya dawo da la'asar ya zauna a tabarma, sai ta je kusa da kakarta ta ɗaga murya.

"Kaka, mi yas sa albasa ka sa mutum hawaye?"

"Ni ina na sani, ƙawata? Ga gwani can zaune."

Barmo ba zai dube ta ba. Sai ya juya wajen akuyar da ke ɗaure a turke, ya gyara murya.

"A gaya ma mai tambaya, albasa kukan rabuwa da ƙasar Galmi, inda anka noma ta, takai. Kuka kuwa, in ka zauna kusa da mai yin shi, sai ya kama ka."

Haka ake yi kullum. Akuyar nan ta ji ilimin da ba akuyar da ta taɓa ji a ƙasar Adar. Ta ji cewa ruwa ne a tozon raƙumi, tulu biyu cif. Ta ji cewa ana ganin walƙiya kafin a ji tsawa don idanu na gaba, kunnuwa na baya. Ta ji cewa jariri yana kuka ran haihuwa don ya hango faɗin gonar da zai nome. Shamuwa kuwa, in za ta dawo sheƙarta ta bara, wayar tarho take bi, sanda bayan sanda.

Akuya dai ta ci gaba da tuƙarta. Tsahara ce ke kwashe maganar tana adanawa, don ita kaɗai ce maganar da take samu daga bakin ubanta.

Wata shekara aka shirya gasar tambayoyi ta 'yan lakwal: na lissafi, na sama da ƙasa, na dabbobi da tsirrai, na zaman gida. Da Hausa za a yi, don za a sa a rediyo iyaye su ji. Mushe Isufu, malamin ajinsu, ya zaɓi Tsahara. A can, mushe ake ce wa malamin lakwal. Aka yi zagayen farko a Malbaza, aka ɗauki murya.

Ranar da za a sa shirin, Barmo ya ajiye mota tun hantsi. Ya zauna a rumfar Maikano mai shayi a tasha, ya sa aka ƙure rediyo.

"Ku saurara," in ji shi, "wata yarinya ce ta gidanmu. Ban ce komi ba."

Tambayoyin lissafi, Tsahara ta cinye su kamar gyaɗa. Na sunayen itatuwa ma haka. Barmo yana ta shafa gemu. Sai mai gabatarwa ya ce, "Tsahara ta Dogarawa, mi ag ga tozon raƙumi?"

"Ruwa ne, tulu biyu."

Aka ji dariya ta tashi cikin rediyo.

"To, mi yas sa muke ganin walƙiya kahin mu ji tsawa?"

"Don idanu na gaba, kunnuwa na baya."

Wannan karon har mai gabatarwa sai da ya shaƙe. Da ya samu numfashi ya ce, "Ɗiyata, wa yag gaya miki haka?"

Muryarta ta fito tsaf, ba ko shakka a ciki.

"Babana."

'Yan rumfa sun fara dariya, amma da suka dubi Barmo sai kowa ya mai da kai ga kofinsa. Maikano ya rage muryar rediyo.

"Barmo," ya ce, "mu mun san wasa kakai. Ita ba ta sani ba."

Da ƙyar Tsahara ta haye zuwa zagayen ƙarshe, wanda za a yi a Ƙonni. Amma a lakwal yara sun riga sun laƙaba mata Tulu Biyu. In ta wuce sai su kama kunnuwansu su ja baya.

Da la'asar Barmo ya zauna a tabarma yana jira. Ba tambaya. Washegari ma ba tambaya. Tsahara ta yi shara, ta ɗebo ruwa, ta shige ɗaki. Gidan ya yi tsit, har akuya ta riƙa dubansa kamar ita ma tana jiran bayani.

Gimbiya ce ta fasa shirun.

"Mai mota, ɗiyar mutane ta ce ba ta zuwa Ƙonni. Mushe ya zo, ya ce in ba ta canza ba kahin ranar, wani za shi sa. Kuma ta ce ta bar tambaya har abada."

"Inna, ai wasa ne nike yi."

"Wasa da wa? Da akuya? Yarinyar da ba ka ko kiran sunanta, abin da ka jeho mata shi ta ka tsinta. Tsakuwa kab ba ta, ta ɗauka dabino ne, ta tauna gaban duniya."

Barmo ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakin da yarinyar ta shiga. Daga nan ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa.

"Za ta Ƙonni," ya ce. "Ni za ni kai ta."

Da safe ya nufi lakwal. Ya tarar da Mushe Isufu a gindin bishiyar bedi. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi zafi, aka sake tambayar iyali. Sai can Barmo ya kewayo kan maganar da ta kawo shi.

"Mushe, wagga magana ta walƙiya... wani fasinja ne ka tambaya."

"Wane fasinja?"

Barmo ya share gumi. "To. Ni ne. Ban..." Ya yi tari. "Ban sani ba."

Masu ba da labari sun ce a daidai lokacin wani kadangare ya faɗo daga bango don mamaki. Ni dai ban ga kadangaren ba.

Mushe Isufu bai yi dariya ba. Ya ja shi bayan lakwal, ya nuna masa wata mata can nesa, bakin gari, tana daka.

"Dubi taɓaryar. In ta sauka ka gaya min."

Barmo ya ga taɓarya ta sauka. Shiru. Sai da ta fara komawa sama sannan ya ji dum.

"Kai!"

"Haske ya hi ƙara sauri," in ji Mushe. "Abin da ka gani ya riga abin da ka ji isowa. Walƙiya da tsawa tare suke tashi, ita ce ka rigan shi zuwa."

Barmo ya tsaya yana kallon matar nan har ta gama dakanta. Tun yana yaro yake ganin mata na daka daga nesa, bai taɓa lura ba.

Mushe ya yi masa bayanin albasa ma: in an yanka ta, wani tururi mai yaji ne ke tashi ya shiga ido, ido kuma ya kawo ruwa don ya wanke kansa. Sai Barmo ya ce, "To shamuwa fa? Ƙaƙa take gane hanya har ta dawo sheƙarta?"

"Wannan ban sani ba."

Barmo ya zaro ido. "Kai mushe guda? Haka kawai, ba ko tari?"

"Ba ko tari. Na duba littattafan da ni ke da su, ban samu abin da ya gamsar da ni ba."

Ranar kasuwa Barmo ya je rumfar Yari mahauci, wanda ke yanka raƙuma. Wannan karon da tari ɗaya maganar ta fito. Yari ya bushe da dariya, ya kira maƙwabta su zo su ji da kunnensu. Barmo ya tsaya ƙyam har suka gama. Sannan Yari ya tsaga tozo a gabansa. Kitse ne fari fat, ko ɗigon ruwa babu.

"Guzurin shi ne," in ji Yari. "In abinci ya yi wuya, shi jiki ka ci. Ba ka ganin tozon raƙumin da yas sha wahala yadda shi ka kwantawa?"

Barmo ya sa aka yanko masa guntu, aka naɗe a takardar siminti.

Saura ta jariri, ita ce mai wuyar. Sai da ya je gidan likita, ɓangaren masu haihuwa, inda namiji ba ya ko giftawa. Ya zauna a ƙarshen benci, mata masu ciki jere har bakin ƙofa. Wata ta leƙo ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam, kai naka cikin wata nawa ne?"

Benci ya kwashe da shewa. Barmo ya ji kamar ya tashi ya ruga. Ya tuna muryar nan cikin rediyo tana cewa "Babana", sai ya gyara zama.

"Nawa ya daɗe, Hajiya. Yau dai nike son a raba ni da shi."

Da layi ya zo kansa, ungozomar likita, Madam Binta, ta saurare shi tana danne dariya. Ta ce jariri a ciki ba ya shaƙar iska. In ya fito, da kukan nan yake jan numfashin farko, huhunsa ya buɗe.

"Shi ya sa in bai yi kuka ba hankalinmu ka tashi," ta ce. "Kukan nan mu albishir ne."

Barmo ya fito yana tuna ranar da aka haifi Tsahara. Yana bayan danga ya ji kukanta, kunya ta hana shi ko murmushi, ya bar gidan kamar ba abin da ya faru.

Da la'asar ya shimfiɗa tabarma. Ya kwance takardar siminti, ya ajiye kitsen a gaban akuya. Ya ɗaga murya yadda za a ji har cikin ɗaki.

"A gaya ma wadda ta bar tambaya, ga tozon raƙumi nan, ta zo ta duba da idonta. Kitse ne. Wanda yac ce ruwa ne, bai sani ba, ya ƙaga."

Ya ci gaba. Ya faɗi ta walƙiya, ya ce gobe a dubi mai daka daga nesa. Ya faɗi ta albasa. Ya faɗi ta jariri, har da wanda ya gaya masa kowace.

Gimbiya ta ce, "Gidan haihuwar kat tahi? Kai da ƙafarka?"

"Har layi na bi, Inna."

Labulen ɗaki ya motsa. Tsahara ta fito a hankali, ta tsuguna, ta latsa kitsen da yatsa, ta shinshina. Ta koma kusa da kakarta. Ta daɗe tana wasa da bakin zanenta. A kan gawon da ke bayan gida, shamuwar farko ta shekara ta riga ta sauka tana gyaran sheƙa.

"Kaka," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "shamuwa fa? Da gaske wayar tarho take bi?"

Jama'a, ku ji tausayin Barmo. Amsoshi sun taso masa a baki kamar tururuwa, kowace ta fi 'yar'uwarta daɗi. Akwai wata ma da ta haɗa da jirgin alhazai. Ya haɗiye su duka.

"A gaya mata ƙarya ce. Ban sani ba. Mushe ma bai sani ba. Amma ban bar tambaya ba."

Tsahara ta dubi kakarta. "Kaka, ranar Ƙonni wane zane za ni ɗaura?"

Ranar gasa Barmo ya wanke mota har ta kusa ba mutane tsoro. A gidan samariya na Ƙonni, filin taron matasa, aka taru: yaran Tsarnawa, na Tajaye, na Illela, na cikin gari, da iyaye cike da benci. Babban mushe mai duba makarantu shi ne alƙali. Ya faɗi ƙa'ida: wanda ya amsa daidai ya samu maki, wanda ya amsa ba daidai ba a cire masa, wanda ya ce bai sani ba ba a taɓa nasa.

Da aka kira Tsahara, wani daga baya ya yi ihu, "Tulu Biyu!" Aka yi dariya. Ta tsaya kamar an dasa ta, ba ta ko waiwaya ba.

Mai gabatarwa, wanda bai manta da ita ba, ya ce cikin zolaya, "Ɗiyata, yau tulu nawa ne ga tozon?"

"Ba ko ɗaya. Kitse ne. Na taɓa shi da hannuna."

Aka tafa. Daga nan aka yi ta fafatawa, yara na zubewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage ita da wani yaro mai kaifin kai ɗan cikin Ƙonni, Rabilu. Makinsu ya zo daidai. Alƙali ya dubi bishiyar da ke tsakar fili, inda shamuwa ke ta kai da kawo da tsinke a baki.

"Tambayar ƙarshe, ku biyu duka. Shamuwa ta kan tahi ƙasashe masu nisa in damina ta wuce. Ƙaƙa take gane hanya ta dawo? Rabilu."

Rabilu ya ɗaga kai da ƙarfin gwiwa.

"Wayar tarho take bi, sanda bayan sanda. Wani direba da yaz zauna Abijan ne yag gaya ma babana cikin mota."

Fili ya ɗauki dariya. Mutanen Dogarawa da ke wurin suka juyo gaba ɗaya suna kallon mutum guda. Barmo ya ja hularsa har ta rufe gira. Bai taɓa sanin ƙaryarsa na da ƙafa har haka ba.

"An cire maki," in ji alƙali. "Tsahara."

Ta dubi taro har idonta ya faɗa kan ubanta. A karon farko Barmo bai kau da kai ba. Ya buɗe tafin hannuwansa biyu, ba komai a ciki.

"Ban sani ba," in ji Tsahara. "Mushenmu bai sani ba. Babana ma bai sani ba. Amma muna nan muna tambaya."

Maikano mai shayi, wanda ya biyo su kallo, ya dafe kai. "Yau ga abin da ban zaci in ji ba a rediyo!"

Alƙali ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce masana da kansu ba su gama gano wannan ba. Wasu sun ce tsuntsaye na lura da rana da taurari, wasu sun ce da alamun ƙasa, ana dai kan bincike. Tsahara ba ta samu maki ba, ba ta kuma rasa ba. Ita ce ta ɗaya.

Ana ta tafi, Barmo ya kutsa cikin taro, ba wajen 'yarsa ba, don kunya ba ta bari. Wajen Rabilu ya nufa, wanda ke gefe yana share hawaye kusa da ubansa. Ya tsuguna a gabansa.

"Yaro, direban nan ni ne. Kai ba ka yi kuskure ba, ka yarda da babba ne. Laihin nawa ne. Ka yahe min."

Uban Rabilu ya dube shi da kyau. "To ita maganar nisan wata da kag gaya muna, da wurin shan ruwa?"

"Ita ma ka zubar, Alhaji. Duk abin da ka ɗauka a motata in ba kayanka ba, ka zubar."

A hanyar komawa hadari ya haɗo ta gabas. Gimbiya na gaba kusa da taga, Tsahara a tsakiya rungume da kyautarta. Aka yi walƙiya. Su uku suka yi shiru suna jira, sai can tsawa ta iso. Barmo ya yi murmushi shi kaɗai.

Sun wuce Tsarnawa sai Tsahara ta yi gyaran murya. Wannan karon ba kakarta ta duba ba.

"Baba, mi yas sa ba ka kiran sunana?"

Mota ta ɗan yi tangal-tangal. Ba akuya a kusa da za a gaya wa. Barmo ya riƙe sitiyari da hannu biyu, idonsa a kan hanya.

"Ban sani ba. Haka na tarar ana yi." Ya rage gudu. "Mu tambayi kakarki. Ni ma tun da anka haihe ni nike jiran in ji nawa a bakinta."

Gimbiya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wajen taga.

"Mai mota, dubi hanyarka."

Darasi: In yaro ya tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, sannan ku nemo amsar tare. Abin da kai ka faɗa da wasa, shi da gaske yake ɗauka, kuma shi zai sha kunyar a gaban mutane, wani lokaci har da ɗan wani da ba ka taɓa gani ba. Girmanka ba ya raguwa don ka ce "ban sani ba", amma yardar ɗanka tana ƙarewa ranar da ya gane ƙaga masa kake yi. Ku tura wa iyaye da malamai, musamman wannan gwanin na majalisarku da bai taɓa rasa amsa ba. Kun san shi.